Bangon da Baffa Ya Kasa Shafewa

Wanda ya ba mu aron Baffa ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, kuma gare Shi dukanmu muka nufa. An yi masa sutura kafin azahar, aka kai shi, aka dawo.

A bayan gidan da ya yi shekaru yana zaune aka yi zaman makoki, wato a boyis-kwata na wani tsohon gida a Nassarawa GRA, ƙarƙashin mangwaro. Ban taɓa ganin motoci sun zagayo ta wannan ƙofar baya ba sai ranar. Masu gidajen haya sun zo, sun ɗosana a bakin tabarma suna tattare shadda, kamar fenti zai taso daga ƙasa ya kama su. Dillalin gidajen unguwar ya yi doguwar addu'a, ya shafa, sannan ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Malam, akwai wani sashe da 'yan haya suka tashi, marigayi ya ce zai turo wanda zai duba shi. Ko ya faɗa maka wa ne?" Na ce masa marigayi ya samu uzuri. Hajiya mai gidan ta aiko da babbar kular shinkafa, tare da tambayar ko dogon tsanin nan nata ne ko nasa.

Waɗanda suka fi yawa masu gadi ne. Sun zauna can gefe, ba su ce komai ba sai "Allah ya jiƙansa," wani tsoho daga cikinsu, mutumin ƙasar Katsina, yana ta share ido da hularsa. Da liman ya zo rufe addu'a sai ya ce, "Allah ya karɓi tubarsa." Na ga wasu baƙi sun ɗago kai suna duban juna, don ba su san mai fenti da wani zunubin da ya isa a ambata a bainar jama'a ba. Kowa dai ya yarda cewa Baffa yana da hannu. Da a ce wani ya nemi a nuna masa aikin hannun, da an rasa inda za a kai shi, sai wuri guda. Saboda wannan wurin na ɗauki alƙalami.

Baffa yayan mahaifina ne. Mahaifina kuku ne a wannan gidan, ya rasu ina goye, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da Inna ta fita takaba sai ta koma Kawaji wajen danginta, ni kuma da na isa shiga makaranta Baffa ya ɗauko ni, ya ce makarantar wannan gefen ta fi benci. Matarsa ta riga ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Idan aka matsa masa da zancen sai ya ce wace mace ce za ta yarda da mutumin da ko ya yi wanka ƙamshin kananzir yake yi. Haka muka zauna mu biyu, shi da gwangwanayen fenti, ni da littattafai, har na zama malamin makaranta na yi aure na koma Badawa, na ɗauko Inna ta dawo wajena. Shi ya ƙi tashi.

Yawancin aikinsa a gidan da babu kowa ne. 'Yan haya su tashi, a kira shi, ya gama, wasu su shigo. Bai san na da ba, ba zai san na gaba ba. Duk da haka ba ya shiga kango sai ya yi sallama, ya ɗan dakata, sannan ya amsa wa kansa a hankali. Kafin ya buɗe gwangwani sai ya zagaya ɗakunan hannu a baya kamar sufeton makaranta. Ya taɓa nuna mini wani falo ya ce, "Mai gidan nan dogo ne, kuma ba ya zama da iyalinsa. Dubi inda man kansa ya taɓa bango, wuri ɗaya tak, kusa da soket ɗin rediyo." A irin waɗannan gidaje yake cin abincin rana shi kaɗai, zaune a kan bokiti, muryar labarai daga rediyonsa tana yawo a ɗakunan da babu labule. Ya ce mini shi ya fi kowa sanin mutanen GRA, sai dai bai taɓa gaisawa da su ba.

Ragowar fenti kuwa ba ya dawowa da ita gida. Sai ya nemi izinin mai aiki, ya je ya shafa wa ɗakin maigadi. Da yake ragowa ba ta isar ɗaki guda, sai ka tarar da bango ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan ƙwai, ƙofa kore. Manyan gidajen duk launin madara ne, kamar an haɗa baki, amma ɗakunan gadi na unguwar nan sai ka ce zanen atamfa. Wani Alhaji ya taɓa ƙorafi cewa abin yana ɓata masa fuskar gida. Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, kai mota ke wucewa da kai ta nan. Shi a ciki yake wuni."

Amma abin da ya yi suna a kai tun yana saurayi zane ne. A wancan zamani duk ƙaramin shago yana son a san shi daga nesa, kuma ba kowa ke karatu ba. Mai aski yana son kawuna a jere, kowane da irin askinsa. Tela yana son mace da keken ɗinki. Mai abinci yana son kaza, mai kifi yana son kifin da ya fi wanda yake sayarwa ƙiba. Daga shagunan da aka fasa katangun GRA aka yi, har Badawa, har hanyar Dakata, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da mutanen Baffa suna kallonka daga bango ba. Duk idanunsu iri ɗaya ne, manya, masu ɗan mamaki, kamar yanzu aka gaya musu farashin kaya.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, Baffa ya ce bai taɓa ganin gwamnatin da ta san darajar mai fenti irin dimokuraɗiyya ba. A da mutum yakan yi wa get ɗinsa fenti ya manta da shi. Yanzu sai ya sa a yi masa launin jam'iyya, kafin ya gama bushewa an hana shi takara, ya sauya sheƙa, a sake kiran Baffa. Akwai get ɗin da ya ce idan aka kankare shi za a iya koyar da tarihin siyasar jiha da shi, aji bayan aji. Na ce masa zan kawo ɗalibaina.

Ba a daɗe ba aka ƙaddamar da Shari'a. Baffa ya yi murna kamar kowa, har da sabuwar hula ya je taron. Babu wanda ya zo da takarda ya ce a shafe zane, ban kuma ji an kama kowa a kan kaza ba. Amma iska ta juya. Wasu masu shaguna tsoro suka ji, wasu kuma tsakani da Allah zuciyarsu ce ta daina natsuwa da hotunan. Su wa za su kira? Wanda ya zana. Da farko dabara aka nema. Wani ya ce idan aka ja layi a wuyan hoto, an raba kai da gangar jiki, shi ke nan ya fita daga hukunci. Baffa ya yi makonni yana bin bangaye da siririn buroshi yana yanka mutanensa ɗaya bayan ɗaya, har da kazar. A shagon aski ne aka samu matsala, don kawunan ba su da jikin da za a raba su da shi. Mai askin ya tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce kai ba jiki ai ba ya rayuwa, a bar su, ɗayan ya ce kan shi ne hoton gaba ɗaya. Mai askin ya ce a shafe rabi.

Duk wannan da dariya Baffa yake ba ni labari, har ranar da ya zauna karatu a masallacin unguwa tsakanin la'asar da magariba, malamin ya zo kan masu zana abin da ke da rai, da yadda za a ce musu ranar hisabi su busa wa abin da suka zana numfashi. Washegari na biya ta wajensa na tarar bai fita aiki ba. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana duban tafin hannunsa.

"Kai da ka yi boko," ya ce, "mutum nawa kake jin na zana?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Kuma ko kazar ba zan iya tayarwa ba."

Daga nan ya daina jiran a kira shi. Duk ranar da babu aiki sai ya ɗaura bokiti a keke ya bi shagunan da ya tuna, ya roƙi masu su bar shi ya shafe, ya rubuta musu sunan sana'ar da manyan baƙaƙe a madadin hoton. Wasu suka yarda da murna, wasu sai da ya yi ta sintiri. A daidai lokacin kuma kakar zaɓe ta sake zagayowa, fuskokin 'yan takara suka rufe garin, a kan katanga, a kan turakun lantarki, wani lokaci a kan farin da ya shafa jiya. Na nuna masa wannan, ina jin na kawo hujja. Ya ce, "Waɗannan inji ne ya buga su. Inji za a tambaya."

Akwai wani gidan biredi a kwanar da ake fita daga GRA a nufi Badawa. A bangonsa na gefe, wanda ke kallon lungu, ƙarƙashin wata darbejiya da ta kare shi daga rana, akwai wani kuku da doguwar farar hula, yana riƙe da faranti cike da biredi, yana murmushi da wushirya. Mahaifina ne. Lokacin da mai gidan biredin ya nemi a zana masa kuku, Baffa bai ga dalilin ƙirƙiro wani ba alhali yana da ƙane kuku a gida. Ya zaunar da shi a kan turmi ya zana shi, ya ƙara masa takalmi sau-ciki wanda bai taɓa mallaka ba. Mahaifina bai taɓa shiga gidan hoto ba. Abin da na sani na fuskarsa, a wannan bangon na san shi.

Tun ina yaro, duk Juma'a idan Inna za ta zo duba ni daga Kawaji, a wannan kwanar take sauka, ko da yake motar tana wucewa kusa da ƙofarmu. Takan ce biredin wurin ya fi laushi. Biredin wurin, Allah ya gafarta wa mai shi, ana iya kafa ƙusa da shi. Bayan ta dawo gidana ma ba ta daina ba.

Da labari ya kai mata cewa Baffa yana bin bangaye, sai ta yafa mayafi ta ce in kai ta. Inna ba ta taɓa yi wa Baffa magana kai tsaye ba in ban da gaisuwa, don yayan miji ne. Ta zauna a tabarma a bakin ƙofa ta ba shi gefe, shi yana kan bokitinsa, ni kuma, mai koyar da 'yan aji shida, ina tsaye a tsakiya kamar tafinta a kotu.

"Ka gaya wa Yaya," ta ce, "na ji an ce yana yawo da farin fenti."

Na juya zan maimaita, ya ce, "Na ji. Ka gaya mata gaskiya ne."

"Ka tambaye shi ko yawon zai kai kwanar gidan biredi."

"Ka gaya mata duk inda hannuna ya taɓa, nan zan amsa tambaya."

"Ka ce masa ashe akwai mutumin da za a binne sau biyu, kuma duka biyun yayansa ne zai zuba ƙasa."

Wannan ban maimaita ba, babu kuma buƙata. Na ɗauka an gama. Can Baffa ya ce, "Ka tambaye ta, in aka ce in busa masa rai, tana ganin da ina iyawa da ban yi ba tun tuni?"

Inna ta tashi ta naɗe tabarmar da ba tata ba, ta jingine, ta yi gaba. Daga ranar ba ta sake aiko masa da tuwon Juma'a ba sai da watan azumi ya kama.

Baffa ya je kwanar, ba sau ɗaya ba. Mai shagon na yanzu, ɗan wanda ya sa aka yi zanen, ya gaya mini yakan ga tsohon ya jingine keke, ya sauke bokiti, ya tsaya yana juya fenti da sanda, ya juya, ya juya, sannan ya ɗaure kayansa ya tafi. Idan na tambaye shi sai ya ce hadari ya taso, ko fentin ya yi ruwa, ko tsanin yana wajen aro. Mutumin da ya shafe rabin Nassarawa bai taɓa rasa tsani ba sai a wannan lungun.

Ana haka hawan jini ya kayar da shi a wani gidan haya da yake aiki shi kaɗai. Maigadin gidan ne ya ji rediyo yana ta magana har bayan la'asar babu motsin rolar fenti, ya leƙa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi watanni a kwance a ɗakinsa, ya ƙi komawa gidana, ya ce bangona ba a yi masa shafen farko da kyau ba, zai dame shi. Inna ce ke dafa kunun da nake kai masa, ba ta taɓa cewa in gaishe shi ba, ba ta kuma taɓa fashi ba.

Wata ranar Asabar da rana ina ba shi kunu ya kama hannuna da hagunsa. Maganarsa ta riga ta yi nauyi, sai na sunkuya.

"Saura ɗaya," ya ce. "Ka shafe mini ƙanena."

Na shiga yi masa darasi. Na ce malamai sun yi saɓani, na ce niyya ake dubawa, na ce ya riga ya tuba kuma Allah Mai gafara ne. Ya bar ni na gama, kamar yadda yakan bar mai gida ya gama bayanin launin da yake so.

"Su malaman," ya ce, "su za a kwantar a ramin ko ni?"

Na ce to bari in kira mai hoto ya ɗauka tukuna, a wanke, Inna ta ajiye.

"Ka mayar da ɗaya ya zama goma ke nan. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Ban san yadda ake ƙin mutumin da ya goya ka a kan keke tsakanin gwangwanaye ya kai ka makaranta ba.

Bayan an share makoki na rasa ta inda zan fara gaya wa Inna. Ita ta sauƙaƙa mini. Ina karyawa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai, me Yaya ya bar maka?"

Na ce buroshi da rola, da tsanin da ake shari'a a kansa.

"Ban da su."

Na faɗa mata. Na ƙara da cewa in ba ta yarda ba zan je in tambayi malamai ko irin wannan wasiyya tana da mafita, kuma har yanzu ana iya kiran mai hoto.

"In ka ɗauka ai ba ka shafe ba," ta ce. "Mutum yana kwance yana jira, kai kana neman fatawa. Gobe Asabar, ba ka da makaranta."

Da safe muka je. Mai shagon ya fito da benci ya ajiye wa Inna a inuwar darbejiya, ya ce, "Wallahi Malam, ni duk zamana a nan ban san mutum ne na gaske ba." Inna ta ce, "Na gaske ne." Ya koma ciki bai sake fitowa ba.

Na fara daga ƙasa. Takalman suka tafi, sai wandon, sai farantin. Fari yana hawa, kukun yana nutsewa kamar mai shiga kogi a tsaye, bai daina murmushi ba. Masu wucewa suna ta yi mini sannu da aiki, wani ma ya ce Allah ya ba da lada. Da na kai wuya, Inna ta ce, "Sauko."

Na sauko.

"Tsaya nan ka kalle shi da kyau. Kai ne ba ka san shi ba."

Na tsaya kusa da bencin muna kallo tare. Na daɗe ina son yin wata tambaya, ban taɓa samun fuska ba sai ranar. Na ce, "Inna, ya yi kama da shi kuwa?"



"Ina na sani?" ta ce. "Yana da rai ban taɓa tsayawa na kalle shi haka ba. In ya shigo kaina na ƙasa, in ya fita bayansa nake gani. Ina cewa akwai lokaci. Sai da Yaya ya sa shi a bangon nan na samu na ƙare masa kallo."

Ta gyara mayafinta, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

"Hau ka gama. Aron da Yaya ya ba ni ya isa haka, a bar bawan Allah ya kwanta."

Na hau. Ban waiwaya ba, amma na san ba ta kawar da kai ba, don da rolar ta bi ta kan idanun na ji ta ce, "Allah ya jiƙanku ku duka biyu," da muryar da ake yi wa mai tafiya sallama a tasha.

Allah ya haskaka kabarin Baffa, ya sa kada a tambaye shi abin da ba zai iya ba. Mun zauna a bencin ni da Inna har bangon ya bushe.